Lissafin kasuwar Arewa kafin zuwan kwamfuta

A shekarun 1980 babban ɗan kasuwar hatsi a Dogondutsi, cikin ƙasar Arewa ta Nijar, ba shi da waya, ba ya karanta jarida, amma ya san kuɗin tiyar gero a Dankasari da Kore Mairuwa, ya san yadda naira ta kwana a Kangiwa can ƙetaren iyaka. Tashar mota ce ofishinsa na labari. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso ta ratsa garinmu kafin ta miƙe Birnin Ƙonni da Maraɗi, don haka kowace motar kaya da ta tsaya shan ruwa tana ɗauke da farashin gari uku ko huɗu a bakin direbanta. Alhaji zai tura yaro da goro, ko ya taka da kansa.

"Direba, ina gajiya? Yaya ka baro Ƙonni?"

"Alhaji, wake ya hau. Gero yana nan yadda ka san shi."

Labarin ya kwana biyu a hanya, wani lokaci direban ma ya ƙara gishiri, amma Alhaji ya san wanda maganarsa ke da nauyi da wanda sai an rage mata kashi. Zai haɗa wannan da abin da ya gani a gonakin Dallol Mawri, da yawan matan da suka fara fito da hatsin rumbu suna sayarwa tiya-tiya, ya yanke shawarar ya saya ko ya jira bazara. Kuma ba ya faɗa wa kowa. Manomin da ya ɗoro buhu biyu a amalanke daga Kiyeshe bai san kome daga cikin wannan ba. Abin da ɗan awo ya ce, shi ne kuɗin gero a duniya. Rabin ribar fatauci a wancan zamani daga wannan rashin sani take fitowa.

Lokacin da na shiga jami'a karatun kasuwanci, wajen ƙarshen shekarun 2000, aka sa mana darasin haƙar bayanai, wato dabarun da kwamfuta ke bi ta tono wani tsari da ke ɓoye cikin tarin alƙaluma. Fannin yana da ƙuruciya a lokacin, don babban taronsa na duniya na farko a 1995 aka yi shi a Montreal ta Kanada. Abin da aka fara koya mana shi ne binciken kwandon mai saye. A 1994 Rakesh Agrawal da Ramakrishnan Srikant na kamfanin IBM suka fitar da hanyar da ake kira Apriori, kuma hikimarta mai sauƙi ce. Ka ƙirga kowane kaya shi kaɗai cikin rasitai, ka watsar da waɗanda ba su cika fitowa ba, sannan ka haɗa sauran biyu-biyu ka sake ƙirgawa, ka sake watsarwa, ka koma uku-uku. Kayan da ba a cika saye ba shi kaɗai, ba yadda za a yi a cika sayensa tare da wani, don haka kwamfuta ba ta ɓata lokaci a kansa. Daga nan aka wuce ga rarraba abokan ciniki rukuni-rukuni bisa kamannin sayayyarsu, da itacen tambayoyi wanda banki ke bi ya tantance wanda zai biya bashi. Muna gwada su da manhajar Weka ta Jami'ar Waikato, saboda kyauta ce.

Misalin da littattafai ke ta maimaitawa shi ne labarin wani kantin Amurka da aka ce ya gano masu sayen ƙunzugun jarirai da yamma suna haɗawa da giya. Mu ƴan Arewa da ke ajin dariya muka yi. Mai kanti a unguwarmu ya san wanda ya sayi ganyen shayi zai nemi sukari, ya san azumi na ƙaratowa sai ya ninka odar sukari da dabino. Itacen tambayoyinsa kuwa gajere ne: ɗan wane ne, yana da gona, bara ya biya bayan kaka? Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Wannan ilimi yana da son kai a ciki. Baƙo ba ya samun bashi kome gaskiyarsa, mace sai da sunan mijinta, kuma ranar da mai kanti ya rasu lissafin shekara talatin ya bi shi kushewa, ƴaƴansa su fara daga farko.

Da aka ce kowa ya kawo bayanan da zai yi aikin ƙarshen shekara da su, nan muka gane inda gizo ke saƙa. Duk dabarun nan an gina su ne don kantunan da kowane ciniki ke barin rasit mai kwanan wata da lambar kaya. Kwamfuta ba bayanai turmi ne ba hatsi. Na koma gida hutu na roƙi wani dattijo mai shago ya ara mini littattafan bashinsa. Ƴan kaye ne irin na ƴan makaranta, bangonsu ya sha mai da ƙura, rubutun ajami ne da biro, wani wuri da fensir. Babu shekara a ko'ina. Sai ka ga "bayan Sallar Layya" ko "ranar sunan gidan liman". Sunayen mutane laƙabi ne: Dogo, Na-Allah, matar mai tireda. Wanda ya biya an soke layinsa har ba ya karantuwa, ke nan masu cika alkawari, waɗanda su ne na fi bukata, su suka ɓace daga littafin, aka bar ni da masu taurin bashi kaɗai. Wasu shafukan an yage an ƙunshe wa yara sukari da su.

Ga kuma maganar kuɗi da ma'auni. Ɗan kasuwar Nijar da dala yake lissafi, kowace dala tamma biyar ce, don haka in ya rubuta 100 yana nufin sefa 500. Amma ɗansa ɗan boko, in ya zauna masa shago, 500 ɗin zai rubuta, a shafi guda, ba wata alama. Kayan da aka ɗauko daga Najeriya da naira aka sa kuɗinsu, ba a faɗi canjin ranar ba. Tiya kan kai wajen kilo 2 da rabi na gero, amma ta mai saye da ta mai sayarwa ba lalle su zo ɗaya ba, kuma tozon da ake yi mata ya danganta da hannun mai awo da kuma lokacin shekara. A kaka tiya na da tudu, a bazara ta kwanta. Farashi na iya tsayawa a takarda alhali hatsin da ke shiga ƙwarya ya ragu. Mafi yawan lokacin aikina wajen zama da dattijon nan ya tafi, ina karanto layi yana faɗa mini abin da yake nufi.

Waɗanda suka fara rubuta farashin kasuwanninmu bisa tsari su ne ma'aikatan SIMA, tsarin tattara farashin amfanin gona da aka kafa a 1989 ƙarƙashin OPVN, hukumar kayan abinci ta Nijar. Suna shiga kasuwa da sikeli, su auna tiya su mai da ita kilo, su aika Yamai. Mutane na yi musu kallon marasa aikin yi. Amma da irin waɗannan alƙaluma ne Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta bi diddigin kasuwannin hatsin Nijar daga 2001, shekarar da wayar salula ta shigo, zuwa 2006. Ta kwatanta kasuwannin da layi ya riga ya kai da waɗanda bai kai ba, ta samu cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta isa. An buga binciken a 2010. Abin da ya nuna a lissafe shi ne mutuwar sana'ar jiran direba a tasha.

Akwai abin da tsofaffin ƴan kasuwa suka fi mu sani, kuma darasin bai tsaya a kansa sosai ba. Kwamfuta daga abin da ya wuce take koyo, tana ɗauka gobe ƙanwar jiya ce. Kasuwar Arewa ba haka take ba. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta Najeriya ta canja takardun naira ta rufe iyaka, ga fari, har mutane suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari; masu ajiyar naira a wannan ɓangaren suka wayi gari da takardun banza. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, gero ya yi tsadar da ba a saba gani ba. An sake rufe iyaka a Agustan 2019, aka kuma rufewa a 2023. Duk tsarin da ka haƙo daga shekarun lafiya, ranar irin wannan ba ya aiki. Alhajin tasha ya sha wannan da jikinsa, shi ya sa ba ya zuba dukiyarsa duka a kuɗi iri ɗaya ko hatsi iri ɗaya.

Yau abubuwa sun sauya. Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, an kafa Jami'ar Doso a 2014, ɗan Gesheme ko Dumega na iya karatun kwamfuta ba tare da ya wuce jiharsa ba. Farashin wake yana yawo a WhatsApp da saƙon murya, manomi na jin sa kafin ya ɗaura wa jaki amalanke. Bayanai kuma sun taru, amma a hannun kamfanonin waya da na aika kuɗi suke, ba a hannun mai shago ko ƙungiyar manoma ba. Namu na gida har yanzu yana cikin kaye da kawunan dattawa.

Don haka ɗalibin kasuwanci ɗan Arewa, in ka zo hutu, ka nemi littattafan shagon gidanku da na ƙungiyar adashin iyayenka mata kafin gara ta cinye su. Ka ɗauki hotonsu, ka zauna da mai su tun yana da rai ya fassara maka, ka sa shekara da wata a kowane shafi. Sabon kaye kuma da za a buɗe, a ja masa layin kwanan wata, a rubuta ko dala ce ko tamma, kuma wanda ya biya a sa masa alama a gefe, kada a soke sunansa.