Akwatin da ke tsakanin allura da kwamfuta

Muryar da ke kwance cikin tsagar faifan garmaho ba daidai take da wadda ta fito daga bakin mawaƙi ba, kuma da gangan aka yi haka. A lokacin sassaƙa faifai ana rage ƙarfin sauti mai kauri, irin na ganga da na ƙasan muryar namiji, domin in an bar shi yadda yake tsagar za ta yi faɗi ta cinye fili, har allura ta riƙa tsalle. Siririn sauti kuwa ƙara masa ƙarfi ake yi, don ya rinjayi ƙarar da robar faifan take yi da kanta. A 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda. A wajen 20 Hz, wato kaɗawa ashirin cikin daƙiƙa, ana rage kusan desibel 20. A wajen 20,000 Hz ana ƙara kusan desibel 20. A 1,000 Hz ba a taɓa komai. Mai son jin muryar a kan daidai sai ya juya wannan ma'auni, ya mayar wa kowane sauti abin da aka karɓe masa.

Wannan aikin wani ƙaramin akwati ne da masu gyaran rediyo suke kira fireyamfili, kalmar da suka aro daga Faransanci. Yana da aiki na biyu: wutar da kan allura ke fitarwa ba ta wuce milibolt 5 ba, sai an ninka ta kamar sau ɗari kafin kwamfuta ko lasifika su amfana da ita.

Wata ɗaliba ƴar Maraɗi, mai shirya kundin digirinta na biyu a Yamai, ta ci karo da akwatin nan ba tare da ta neme shi ba. Bincikenta a kan dangantakar karin sautin kalma da karin waƙa ne. In mawaƙi ya zo kan kalma mai karin sama da karin ƙasa, muryarsa kalmar take bi, ko kiɗa? Waƙoƙin da ke yawo a wayoyi ba su biya mata bukata ba, don an matse su an sake matsewa, kuma babu mai iya cewa daga wane kaset aka kwafo su, balle a san ko kaset ɗin ya yi gudu fiye da ƙima. Ana nan sai aka buɗe ɗakin kawunta marigayi, wanda ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Maraɗi da Kano. A ciki akwai kwalin fayafayai talatin da ƴan kai: na Mamman Shata, na Ɗan Maraya Jos, da guda na kamfanin Ocora na Faransa mai ɗauke da kiɗan maroƙan Nijar wanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka. Ga kuma injin juya faifai, lulluɓe da tsohon zane. Da ta haɗa shi kai tsaye da kwamfuta, abin da ya fito kamar kukan sauro ne daga nesa.

Ta kai injin wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Katako.

"Baba, ina jin muryar injin nan ta mutu."

"Ba ta mutu ba, ƴata. Ba a tashe ta ba ne."

Bai fara da maganar akwati ba. Kan allurar ya fara dubawa, domin shi ke nuna irin akwatin da ya dace. Akwai kan allura wanda maganaɗisu ne ke motsi a cikinsa, shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ke ba da milibolt huɗu ko biyar ɗin nan, yana neman mashiga mai ƙarfin turjiya om 47,000. Akwai wanda naɗin waya ne ke motsi, wutarsa ba ta kai ɗaya cikin goma ta wancan ba, sai an ninka ta kamar sau dubu, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi. Na kawun nata irin na farko ne. Wannan kaɗai ya rage mata rabin ruɗani, don duk akwatin da ake ƙara wa kuɗi saboda yana karɓar iri biyu, ita ba ta da bukatarsa.

Abin da dattijon ke da shi a shago tsohuwar amfilifaya ce ta Japan, ta shekarun 1970, mai mashigar faifai a bayanta. Ya ce muryarta ta fi ta kowace na'urar zamani zaƙi, kuma da ya kunna, ba a iya cewa ya yi ƙarya ba. Kalangu ya cika shagon, har masu wucewa suka dakata. Wani abokin karatunta kuma ya yi mata tayin aron nasa akwatin, mai ƴan kwalaben fitila biyu a kai, wanda ya ce yana sa murya ta yi ɗumi.

A nan bukatar mai nazarin harshe ta rabu da ta mai shan kiɗa. Zaƙin da kunne ke ji yawanci ƙari ne ko ragi da na'ura ta yi wa wani sashe na sauti. Tsohuwar amfilifaya ta shekara kusan hamsin tana shan zafi da ƙura, kayan cikinta da ke tsare ma'aunin RIAA suna iya gocewa daga inda aka aje su, kuma ba takardar da za ta faɗi iyakar gocewar. Akwatin fitila yana iya ƙara wa sauti ninke-ninken da ba su cikin faifan. Wataƙila kaɗan ne, amma ɗalibar ba ta da hanyar sanin yawansu, kuma ranar kare kundi ba a amsa tambaya da cewa murya ta yi daɗi.

Ya kamata a bambanta abin da akwatin ke iya ɓatawa da abin da ba ya iyawa. Kuskure a ma'aunin RIAA ba ya sauya tsayin murya: karin sama ba zai koma karin ƙasa ba. Saurin juyawar faifai ne ke yin wannan ɓarna, shi ya sa ake tabbatar da juyi 33 da sulusi ko 45 a minti kafin a fara. Abin da ma'aunin ke taɓawa shi ne ƙarfin wani sashe a kan wani. Mai nazarin haɗiyau, ɓ da ɗ, ko ƴ, yakan auna bambancin ƙarfi tsakanin tushen murya da ninkinsa na farko, don ya ga yadda tantanin maƙwallato ke matsewa. A muryar namiji waɗannan biyun suna iya faɗawa wajen 100 Hz da 200 Hz, kuma tsakanin nan da can ma'aunin RIAA da kansa yana gangarawa da kusan desibel 5. Kuskure kaɗan a wannan wuri ya isa ya sa a ga ƙiƙirar murya inda babu ita. Haka zuzau irin su s da sh, da tunkuɗau ts, waɗanda ƙarfinsu ke can sama da 3,000 Hz. Su har tsawon wayar da ta fito daga injin yana shafar su, don haka ba a son ta wuce mita guda da yawa.

Barazanar da ta fi kusa da bincikenta ita ce gurnanin wuta. Lantarkin Nijar yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma akwatin da ke ninka muryar allura sau ɗari yana ninka duk abin da ya shiga tare da ita, ga shi kuma ma'aunin RIAA yana ƙara wa wannan yanki kusan desibel 17. Gurnanin ba ya tsayawa a 50 Hz, yana haifar da 100 da 150, daidai inda muryar maza ke zama. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ba ta san mawaƙi ba, abin da ke maimaita kansa kawai take nema. Inda mawaƙi ya sassauta murya a ƙarshen ɗango, tana iya kama gurnanin ta ja layi miƙaƙƙe a 100 Hz, ɗalibi ya rubuta shi a matsayin karin ƙasa. Irin wannan kuskure ba ya kama da kuskure. Kyakkyawan zane yake bayarwa, wanda ake sha'awar sa wa cikin kundi.

Da ta bayyana wa dattijon wannan, bai yi gardama ba, ko da yake a fuskarsa an ga bai ji daɗin ƙin amfilifayarsa ba. Ya nuna mata siririyar wayar da ke lilo a bayan injin, wadda ta ɗauka ragowar gyara ce.

"Wannan ita ce ta ƙasa. Duk akwatin da za ki saya, ki duba yana da kusar da za a ɗaura ta. In babu, ki bar musu kayansu."

Wanda ta saya daga baya, ta hannun wani mai zuwa Kwatano, ba shi da kyan gani. Ƙarfe ne baƙi, bai kai girman littafin aljihu ba. Ta zaɓe shi ne saboda takardarsa ta faɗi cewa gocewarsa daga ma'aunin RIAA ba ta wuce rabin desibel ba, lambar da za ta iya rubutawa a babin hanyoyin bincike. Yana da kusar ƙasa. Yana da maɓallin rage ƙarfi, abin da ke da amfani ga kiɗan kalangu, wanda bugunsa ke zuwa ba zato ya cika ma'auni har sauti ya tsage. Yana da matatar da ke zubar da abin da ke ƙasa da 20 Hz, don fayafayan da suka sha zafin Maraɗi sun ɗan lanƙwashe, allura tana hawa tana sauka a kansu. Abin da ya fi burge dattijon shi ne wutar bolt 12 yake ci, irin wadda batir ke bayarwa. Ya yanke masa waya ya haɗa shi da batirin babur, ya ce ta cire cajar kwamfutarta in za ta yi ɗauka.

Akwai iyaka ga abin da duk wannan hattara za ta saya mata. Kafin murya ta iso tsaga ta bi ta makirufo, ta bi ta tef, ta bi ta hannun mai sassaƙa, kowannensu ya bar tabonsa, kuma babu akwatin da zai goge shi. Saboda haka ma'aunin da ta samu daga faifan Shata ba za a jera shi kai tsaye da wanda aka ɗauka yau a ɗakin gwaji ba. Kwatancin da ya halatta shi ne na cikin faifai guda: wannan ɗ da wancan d, a baki ɗaya, a zama ɗaya. Fireyamfili shi ne mahaɗi guda da ke hannunta cikin dogon jerin, shi ya sa ta ƙi yi masa sakaci.

Yanzu kowace ɗauka tana farawa da minti guda na shiru, injin yana juyawa, allura a ɗage. Ta buɗe wannan shirun a Praat ta duba ko akwai layi a 50 ko a 100. In babu, ta sauke allura, ta ɗauka a kan 96,000 Hz da bit 24, kamar yadda ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawara, domin kada a sake bi ta kan faifan sau biyu ba dalili. Kowace bi tana cin wani abu daga tsagar.

A ƙasan kwalin akwai fayafayai biyu masu nauyi da gautsi, na juyi 78, waɗanda takardar tsakiyarsu ta goge. Irin waɗannan sun girmi ma'aunin RIAA, kowane kamfani da nasa ma'aunin a wancan zamani, kuma tsagarsu ta fi faɗi, tana neman allura mai kauri ninki uku ko huɗu. Dattijon ya hana ta ɗora musu tata allurar. Ta naɗe su a zanen kawun, ta jingina su a tsaye nesa da taga, ba ta san muryar wa ke ciki ba tukuna.