Kalma ɗaya, hanya biyu: daga Anka zuwa Gummi

Wanda ya taso daga Gusau ya nufi yamma zai iske Anka, garin Sarkin Zamfara, sannan ya wuce Ɗaki Takwas ya faɗa Gummi. Ƙasar Bukkuyum na tsakani. Yanki ne na gero da dawa da zinare. Akwai kuma wata kalmar Turanci mai harafi huɗu da ya kamata kowane ɗalibin yankin ya sani: lead.

A rubuce ɗaya ce, a baki kuwa biyu ce. In ka ja ta ka ce "liid", tana nufin ja-gora, kamar yadda shugaban aji ke shige gaba a kai ku filin taro. In ka taƙaita ka ce "led", dalma kenan. Asalinsu ma daban ne a tsohon Turanci: ta farko daga lædan, wato sa mutum ya tafi, ta biyu daga léad, sunan ƙarfen. Ku kula, don irin wannan tarko masu jarrabawar WAEC ke son ɗanawa.

Alamar dalma a darasin kimiyya Pb ce, daga plumbum na Latin. Rumawa da dalma suke bututun ruwa, shi ya sa har yau ake ce wa mai gyaran famfo plumber. Baƙin tsinken fensirinku ma lead ake kiransa, alhali babu dalma a ciki. Wani ma'adini ne, giraffait, da aka tono a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16, aka zaci dangin dalma ne.

A wannan yanki kalmar ta wuce zancen ƙamus. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinaren da ake kawowa gida ana daka su, ana niƙawa, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu, da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Ko a Gummi dalma ba ta yi nisa ba. Tana cikin batirin kowace mota a tasha, kuma kwallin gargajiya na dutse yakan ƙunshe ta.

To ƙannena, in a gidanku akwai mai zuwa haƙar zinare, ku roƙe shi ya bar dutsen a daji, ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro. A wanke wa ƙanana hannu kafin cin abinci, kuma kada a sa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba.