Tara ta Baitulmali, Mai Gona Fa?

A Babban Mutum, can ƙasar Baure a bakin iyakar Nijar, idan shanu suka faɗa gonar mutum da kaka, a da ba kotu ake fara nufa ba. Dagaci ne zai tashi dattawa su je su taka gonar da ƙafarsu, ardo na gefe. A dubi geron da aka tattake, a ƙiyasta dami nawa zai bayar da an bar shi, a yanke. Makiyayi ya biya, mai gona ya kai rumbu. Ba kullum ake adalci ba, don akwai dagacin da rabonsa ke fin na mai gonar, amma dai wanda aka yi wa ɓarna ba ya komawa gida hannu rabbana.

Gaban alƙali kuwa wani lissafin ne. A zamanin En'e, wanda Sarkin Daura Abdurrahman ya ci mafi yawansa daga 1911 zuwa 1966, idan aka ci mutum tara, muhuti ya rubuta rasit, kuɗin sai baitulmali. Daga can ake biyan alƙalin kansa da dogarai da 'yan doka. Wanda aka sace wa jaki, in ba a gano jakin ba, ladarsa ita ce ya ga an tasa ƙeyar ɓarawo zuwa gidan yari. Kisa da rauni ne suka fita daban, domin fiƙihun Malikiyya ya ajiye diyya ga wanda aka raunata ko magadan mamaci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokar finalkod da ta fara aiki a Arewa a 1960, a sashe na 78, ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ko a haɗa da hukunci ko a madadinsa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta wannan shekarar ma ta yarda a ciri haƙƙin daga cikin tarar. Gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e a 1968, tara ta koma aljihun jiha, amma talaka bai daina ɗaukar ta kuɗin hukuma zalla ba.

Don haka ɗan'uwa, in ƙaddara ta kai ka kotu kai ne aka cuta, kada ka jira a yanke hukunci. Gaya wa mai gabatar da ƙara asarar da ka yi, da shaidunka, ya roƙa maka a biya ka.