Shagunan Samaru, Inda Ake Lallashin Fayil Ya Buɗe

Duk wanda ya biyo titin Sakkwato daga cikin Zariya, tun kafin ya hango babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello zai fara jin ƙugin janareta. A tsallaken titin, cikin lungunan Samaru, shagunan kwamfuta ne reras. Kusan duk fasalinsu ɗaya: tebur, kwamfuta biyu ko uku, firinta, injin fotokwafi mai tari, sai tulin bangon ɗaurin kundi a kusurwa. Tun 1962 jami'ar take nan, kuma rabin cinikin unguwar a kan takardun ɗalibanta yake tafiya.

Allunan ƙofa suna tallan buga takarda da ɗaurin littafi da hoton fasfo. Aikin da ya kawo ni ba a rubuta shi a allo ba, amma shi ya fi sa mutum shigowa da gumi a goshi: fayil ya ƙi buɗewa.

Na samu wuri a kan benci a wani shago mai fanka ɗaya. Abin da na fara lura da shi, mai shagon ba ya gaggawar danna fayil. Girmansa yake fara dubawa. In ya ga sifili, magana ta ƙare, suna ne kawai babu komai a ciki. In kuma kundin da aka ce shafi ɗari ne bai fi nauyin gajeren saƙo ba, ya san wani abu ya yanke a hanya.

Wata ɗaliba ta miƙo waya, takardar biyan kuɗi ta ƙi buɗewa. "Yaya, wallahi jiya na sauke ta," in ji ta. Ya tura fayil ɗin kan kwamfuta, ya buɗe shi da Notepad. Rubutu ya fito birjik kamar tafiyar kiyashi, shi kuwa layin farko kaɗai ya kalla. Duk fayil ɗin PDF na gaskiya da %PDF yake farawa. Wannan da html ya fara. Ashe lokacinta ya ƙare a shafin makarantar kafin ta danna, wayar ta ajiye shafin neman kalmar sirri ta laƙaba masa sunan takarda. Ya ce, "Ƙanwata, wannan ba takarda ba ce. Sake shiga ki sauko da ita." Ko sisi bai karɓa ba.

PDF yana da wani hali da ya sa raunin sabis ke yi masa illa. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma an tsara shi ne yadda jadawalin da ke nuna wurin kowane shafi yake a can ƙarshen fayil. Manhaja daga wutsiya take fara karantawa. In data ta ƙare saura ƙiris, shafukan suna nan amma jagoransu bai iso ba. Wani lokaci Chrome yakan buɗe abin da wata manhajar ta ƙi, sai a yi maza a sake ajiye shi da sabon suna. Amma sake saukewa ya fi sauƙi, in asalin yana nan.

Inda na ga gwaninta shi ne kan kundin wani ɗalibin shekarar ƙarshe. Wuta ta ɗauke yana cikin ajiyewa, Word ya ce fayil ya lalace. Mai shagon ya fara yin kwafi, ya ajiye na asali gefe, domin shi ba ya gwaji a kan abin da babu na biyunsa. Ya gwada umarnin buɗewa tare da gyara da ke maƙale a jikin maɓallin buɗe fayil, bai yi ba. Sai ya goge docx daga ƙarshen sunan, ya rubuta zip. Ɗalibin ya zabura, ya ɗauka an ƙarasa kashe masa aiki. Tun daga Office na 2007, fayil ɗin Word ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda, shi ya sa harufansa biyu na farko PK ne, na sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro tsarin zip. Da manhajar 7-Zip ya kwance ƙunshin, ya shiga jakar word, ya zaro document.xml. Ga babi na ɗaya har zuwa na huɗu, cakuɗe da alamomi, amma kalmomin suna nan. Tsarin shafi da jadawalai sun tafi, aikin kwana biyu ne a mayar da su. Ɗalibin dai dariya yake yi har da tafa hannu.

Cutar da ta fi yawa a layin, kamar yadda masu shagunan suke faɗa, ita ce bairos ɗin filashi. Ka soka filashinka a kwamfutoci goma a rana, dole ka kwaso. Bairos ɗin yana ɓoye fayilolin gaskiya ya bar gajerun hanyoyi masu kama da su, mai abu ya danna ya ga wayam. Maganinsa umarnin attrib ne a baƙin allo, layi ɗaya, komai ya dawo fili. Sai dai a nan ma akwai tarko. Idan aka tone ɓoyayyun fayiloli, wasu 'yan ƙanana masu farawa da ~$ sukan bayyana da suna irin na kundin. Word ne ke ƙirƙirar su don ya san wanda ya buɗe takarda, nauyinsu baiti 162 kacal. Ɗalibai da yawa su suke tura wa malami, su kwana suna rantsuwa sun aika aiki.

Masu zanen kalanda da katin biki nasu ciwon daban ne: an yi zane da sabon CorelDraw, shagon bugu yana da tsoho. Babu gyara sai a koma a ajiye shi daidai da tsohon.

Akwai kuma fayil ɗin da yake buɗewa lafiya amma ba ya karantuwa, kuma wannan ya fi taɓa masu rubutun Hausa. Kafin Unicode ya wadata, da fon na musamman ake buga ƙ da ɗ da ɓ, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara a shekarun 1990. An ɗora harufan ne a gurbin wasu alamomin allon bugu. Yau in ka buɗe tsohon rubutu a kwamfutar da ba ta da fon ɗin, sai ka ga baka ko wata alama a inda ƙugiya take. A ganina wannan ne gyaran da ya fi cancanta a yi da haƙuri, domin littattafai da muƙaloli masu yawa suna kwance a haka. A nemo kowace alama a musanya ta da harafinta, sannan a bi rubutun da ido.

Dab da la'asar wani magidanci ya kawo filashin da ya saya a bakin titi, an rubuta masa girman da ba shi da shi. Irin wannan yana karɓar kaya yana nuna sunayensu, alhali wurin ajiya ya cika tuntuni. Mai shagon ya buɗe fayil ɗaya, ya ga babu komai ciki sai sifili. Bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce, "Alhaji, wannan kam sai haƙuri. Amma ka taɓa tura wa wani ta WhatsApp ko imel?" Mutumin ya yi shiru, can ya tuna ya aika wa abokin aikinsa a watan jiya. Ya fita waje neman sabis, mai shagon ya jefa filashin cikin wani gwangwani da ke ƙarƙashin tebur, ya kira na gaba.