Direba da Harshen Injinsa a Hanyar Birnin Gwari

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari, ya san cewa lalacewar mota a kanta ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙasar Birnin Gwari ita ke ɗauke da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A cikin shekaru goman da suka gabaci sulhun Nuwamban 2024, 'yan bindiga sun mai da wannan daji maɓoya, har ya zamana direban da motarsa ta tsaya a wani lungu bayan la'asar, ba kuɗin gyara yake tunani ba, ransa da na yaronsa yake tunani. A cikin wannan hali ne wani direba ɗan garin, mai jigilar masara da Toyota Hilux mai shan gas, ya ɗauki niyyar koyon abin da tsararrakinsa ke ganin aikin 'yan boko ne.

Mutumin ya yi wayo a gidan mota. Mahaifinsa ya ja a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, irin waɗanda masana'antar Kakuri ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975. Ita wannan mota kafireto gare ta, shi kuwa kafireto kunne da sukundireba yake ji: a saurari kukan inji, a murɗa ƙusa kaɗan, a duba launin fulogi, shi ke nan. Amma tasa motar ta zo da wata al'ada dabam. Famfo ne ke tara mai a cikin bututu guda da matsi mai tsanani, fiye da ninki 400 na iskar taya, sa'an nan wata 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke ƙayyade lokacin da kowace nozil za ta buɗe da yawan man da za ta fesa. Idan ƙwaƙwalwar ta ga abin da bai gamshe ta ba, sai ta kunna wuta a dashbod, ta rage wa inji ƙarfi da gangan domin ta tsare shi, mota ta koma ɗingishi. Wannan dabara ta yi kyau a ƙasar da ake da gareji kusa, amma a tsakiyar Kamuku ɗingishi na iya zama ajali.

Haka ta taɓa yi masa da buhu ashirin a baya, ya ja jiki da ƙyar ya kai Udawa. A Kaduna wani saurayin bakanike ya soka wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya duba allo, ya karɓi kuɗinsa, bai yi minti goma ba. Abin da ya tsaya wa direban a rai shi ne, motarsa ta yi magana a gabansa, shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba.

Gemu ba ya hana ilimi. Ya sayi 'yar na'urar nan da ake kira ELM327, ƙanensa ɗalibi ya sa masa manhaja a waya. A nan ya gane cewa kafar nan mai haƙora 16 ba ta Toyota ce kaɗai ba, tsari ne da Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tun 1996, Turai ta bi baya, domin kowace mota ta iya faɗin ciwonta da lambobi iri ɗaya. Lambar farko da ya haddace ita ce P0087, wato matsin mai ya yi ƙasa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar filta ce ta toshe da dattin man jarka da yakan saya a bakin hanya. Ya buɗe littafi, kowace lamba ya rubuta ma'anarta da Hausa a gefe, yadda almajiri ke bin ƙamus. Daga baya ya sami tsohuwar kwamfuta da manhajar Techstream, ya koyi cewa kowace nozil tana da tata shaida mai haruffa da lambobi 30, kuma in an sauya ta ba a shigar da shaidar cikin ƙwaƙwalwa ba, inji zai riƙa karkarwa ko da nozil ɗin sabuwa ce fil.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi haɗari. A cikin ƙwaƙwalwar akwai jadawali, wanda ke cewa idan inji na juyi kaza, an kuma taka totur kaza, to a fesa mai kaza. Ana iya karanto wannan jadawali da wata na'ura, a sauya alƙalumansa, a mayar. Abokansa suka ce ya ƙara mata mai ta riƙa tashi sama, domin a hanyarsu gudu shi ne tsira. Sai da ya adana jadawalin asali wuri biyu tukuna, sa'an nan ya ƙara kaɗan, ya ɗora kaya, ya fita gwaji yaronsa na riƙe da waya yana karanta masa alƙaluma. Mota ta yi ƙarfi, babu shakka. Amma salansa ta soma baƙin hayaƙi, wato man ya fi iskar da za ta ƙone shi, zafi kuma ya riƙa hawa a kowane tudu. Ya lissafa cewa 'yan mintocin da zai rage a hanya ba su kai darajar fistin da zai ƙone ba. Ya mayar da jadawalin yadda ya same shi.

Wasu sun yi masa dariya, suka ce ya sha wahalar koyo don ya bar abu yadda yake. Amsarsa ita ce, da can ya bar shi ne don bai sani ba, yanzu kuwa ya bar shi ne don ya sani. Kowace safiya kafin ya yi lodi yakan duba matsin mai da zafin ruwa da ƙarfin batir, in ya ga alƙalami ya kauce sai ya fasa tafiya, ya gyara a gida, domin sauri kan haifi nawa.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin Hausa. Littafin nan nasa mai ƙanshin man gas ƙamus ne na wata sana'a da ke sake kama a gabanmu. Kalmomi irin su kafireto da fulogi da salansa sun shiga Hausa ta bakin direbobi da makanikai, ba ta bakin kwamiti ba. Sababbin ma a can ake ƙirƙirarsu yau, a tasha da gareji, kuma ya kamata a je a same su tun suna da ɗumi.