Tsohuwar Motar Soja a Yelwan Yauri

Wanda ya biyo hanyar Kontagora zuwa Yelwa, ƙanshin busasshen kifi shi ne zai fara gaya masa ya iso. Garin yana bakin Kwara, wajen iyakar tafkin Kainji ta arewa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka. Ƙauyukan nan na bakin tafki, har su Ngaski da Wara, suna da kifi da albasa, amma hanyoyinsu da yawa yashi ne da rani, taɓo da damina. Albasa kuwa ba ta jiran mota. In ta daɗe a jibge, wahalar shekara ta ruɓe ke nan.

Saboda haka ban yi mamaki ba da na ga wata tsohuwar Bedford a wani gareji, lokacin hutun makaranta. Irin wadda soja suka yi aiki da ita ce a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, mai ja da ƙafa huɗu, inji mai silinda shida, mai shan fetur. A Ingila aka ƙera ta, kamfanin kuwa ya daɗe da daina yin manyan motoci. Kayan gyaranta sai a jikin 'yar'uwarta da ta mutu.

Injin ya shekara da shekaru a kwance, fistan sun kafe da tsatsa. Bakaniken, wani dattijo, bai taɓa guduma ba. Ya kwance filogi, ya zuba kananzir da baƙin mai ta ramukansu, ya bar su kwanaki, kowace safiya yana ɗan motsa injin da hannu. Da ya saki, sai aka ɗaga kan silinda, aka kankare baƙin hayaƙi, aka dora ƙarfe miƙaƙƙe a kai don a ga ko zafi ya tanƙwara shi. Zoben fistan duka aka canja. Karanshaf ya yi zane, dole aka kai shi inda ake da na'urar gurzawa.

Na ji ya ce wa yaronsa, "Kai yaro, ƙusar tsakiya za ka fara ɗaurewa, sa'an nan ka bi zuwa gefe, kaɗan kaɗan." Yaron ya ce, "To, Baba." In aka ɗaure gefe ɗaya da ƙarfi, gasket ba zai zauna daidai ba, ruwa ya haɗu da mai, aikin wata guda ya tashi banza. Mai mota ba zai taɓa ganin waɗannan ƙusoshi ba, ya ku masu karatu, duk da haka dattijon nan bai tsallake ko ɗaya ba. Ina fata 'yan ajina su ga wannan.

Lagireto ma aka wanke shi sarai, gama direbobin bakin tafki sukan ɗebi ruwa da lakarsa su zuba.

Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa, wato ƙishin fetur. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, mai irin wannan mota sai ya yi lissafi sosai kafin ya ɗauki kayan kowa. Waɗansu sukan cire injin su sa na gas. A ganina wannan ya fi, ko da yake dattijon bai yarda ba. Ya ce injin da ya san kukansa ya fi masa baƙo.