Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



A ambaliyar 2022 ruwa ya cinye shinkafar yayana a wajajen Auyo, ko buhu ɗaya bai ɗauka ba. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, ta hannun ƙungiyoyi aka bi. Shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Na ji kunya wallahi: ni da na yi boko, kullum ina cikin takardun ofis, ban taɓa ce masa "Yaya, mu je ka yi rajista" ba.

AFAN ita ce uwar ƙungiyar manoman Najeriya, masu shinkafa kuma ga RIFAN. Da su gwamnati ke zama. Kachalar da ta toshe Kogin Haɗeja, da sakin ruwan Tiga da Challawa, da jan-baki mai wawushe gona, wanne manomi zai tunkara shi kaɗai?

Na san wasu za su ce shugabanni ke morewa. To wanda bai shiga ba, da wane bakin zai tuhume su?

Bana na kai Yaya da kaina. Kai fa, naka yana ciki?

Allah ya ba mu damina mai albarka.